Tsakanin Ɗari da Sanyi: Tarihin Wandon Ulu a Ƙasashe Masu Ruwa da Ƙanƙara

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta ƙamusun Hausa sun daɗe da lura cewa harshen yana da kalmomi biyu da ba ma'anarsu ɗaya ba, watau ɗari da sanyi. Ɗari shi ne busasshen nan na hunturu, mai fasa leɓe da sa kaushi. Sanyi kuwa a asalinsa mai laima ne, irin wanda ake ji da marka, ko a bakin rafi da asuba. Gaskiya ne a maganar yau da kullum kalmar sanyi ta mamaye wurin 'yar'uwarta, amma bambancin yana nan a cikin harshen. Wannan bambanci ne ginshiƙin tarihin suturar mutanen arewacin Turai da Amurka, kuma hukumomin sojansu ba su rubuta shi a matsayin ƙa'ida ba sai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an yi asarar rayuka da ƙafafu masu yawa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tufa guda ɗaya, watau wandon ulu, domin a ga yadda mutanen da ke aiki a waje cikin ruwa da iska da ƙanƙara suka zaɓe shi, da abin da ya sami waɗanda aka yi wa mummunan zaɓi.

Ya kamata a faɗi tun farko cewa ulu baƙo ne a ƙasar Hausa. Tumakin ƙasar, irin su Uda da Balami da 'Yanƙasa, gashi ne da su kwantacce wanda ba ya kaɗuwa. Sai an je Masina, a ƙasar Mali, ake samun tumaki masu ulu, inda masaƙan Fulani ke saƙa barguna da shi. Kalmar ulu kanta aro ce daga Ingilishi. Kafin zuwanta akwai mulufi, jan yadin nan da fataken Sahara ke kawowa, wanda sunansa ya fito daga Larabcin Magrib, amma shi kayan ado ne na sarauta da na dawaki.

2.0 Abin da ya bambanta ulu da auduga

Tufa ba ta haifar da ɗumi. Jikin mutum ne ke haifar da shi, aikin tufa kuwa shi ne ta tsare iska a tsakanin zarurrukanta, domin iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗauke zafi. Ruwa kuwa yana ɗauke zafi kusan sau 25 fiye da iska. Saboda haka duk sa'ad da ruwa ya kori iskar da ke cikin tufa ya maye gurbinta, tufar ta daina tsare mai ita. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum yakan iya yini lafiya a cikin ɗari mai tsanani idan jikinsa a bushe yake, amma ya mutu a cikin sanyin da bai ma kai na daskarar da ruwa ba idan ya jiƙe kuma iska na kaɗawa.

Silin auduga yana son ruwa ciki da waje. Da zarar ya jiƙe sai ya kwanta, yadin ya manne wa fata. Silin ulu kuwa a murɗe yake, yana da tsauri irin na waya, bayansa a lulluɓe da ɓawo-ɓawo ƙanana masu ture ɗigon ruwa, ga kuma maiƙon da tunkiya ke fitarwa idan ba a wanke shi duka ba. Cikinsa yana iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da hannu ya ji danshi ba, kuma a yayin da yake shan laimar yakan saki ɗan ɗumi kaɗan na wani lokaci. Daga nan ne Turawa suka sami karin maganarsu mai cewa ulu yana ɗumama mutum ko da a jiƙe. Kamar yadda za a gani a gaba, rabin gaskiya ne kawai a cikin wannan magana.

3.0 Wandunan farko

Mutumin nan da aka tsinci gawarsa a cikin ƙanƙara a duwatsun Alfa, tsakanin Italiya da Ostiriya, a shekarar 1991, wanda ya rayu wajen shekaru 5,300 da suka wuce, ba ya sanye da saƙaƙƙen yadi. Ƙafafunsa suna cikin kube biyu na fatar akuya, kowanne daban, an rataye su a ɗamara.

Wando mafi tsufa da aka sani na ulu ne, kuma daga maƙabartar Yanghai aka tono shi, kusa da Turfan a yammacin ƙasar Sin. Masu binciken kayan tarihi na Jamus da na Sin sun ba da sanarwa a 2014 cewa an saƙa shi tsakanin ƙarni na 13 da na 10 kafin Miladiyya. Ƙyalle uku ne, ƙafafu biyu da hantsa mai faɗi, kuma ba a sa almakashi a jikinsa ba, gama a kan masaƙa aka ba kowane ƙyalle siffarsa kafin a haɗa. An binne mai shi da linzami da bulala da gatarin yaƙi. Ke nan hawan doki ne ya haifi wando, sanyi daga baya ya karɓe shi.

Girkawa da Rumawa sun ɗauki wando a matsayin tufar baubayi, ta Farisawa da mutanen Gol. Amma da rundunonin Rum suka zauna a bakin kogin Rayin da arewacin Ingila, raini bai hana su sa shi ba. A cikin wasiƙun katako da aka fara tonowa a sansanin Vindolanda a 1973, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 100 Miladiyya, akwai wadda ake gaya wa wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. Al'adar ta bi sojoji har gida, har ta kai sarki Honorius ya kafa doka a 397 yana hana sa wando a cikin birnin Rum. Dokar da sai da aka maimaita ta bayan shekara biyu, ba sai an tambayi ko an bi ta ba. Daga wancan zamani kuma akwai wandon da aka ciro daga fadamar Thorsberg a arewacin Jamus, na ulu, matsattse, mai madaukan ɗamara, an ɗinke safa a ƙafafunsa domin kada iska ta sami ƙofa a idon sawu.

4.0 Aikin tattaka

A nan ne ya kamata a dakata, domin abin da ya mai da yadin ulu garkuwar ruwa yana faruwa ne bayan an sauke shi daga masaƙa. Sabon saƙi sakwa-sakwa yake, iska na ratsa shi. Sai a jiƙa shi da ruwan ɗumi da wani abu mai cin maiƙo, a yi ta tattaka shi da ƙafa ko a dirza da hannu na sa'o'i masu yawa. Ɓawon da ke bayan kowane sili yakan sarƙe da na maƙwabcinsa, ba ya kuma kwancewa. Yadin yakan tsuke, ya yi kauri, ramukan saƙa su toshe, har ya zama ana iya yanka shi bakin bai zare ba. Mai karatu kada ya haɗa wannan da bugun da ake yi wa baƙin yadi a Kura, domin shi bugu sheƙi ake nema da shi, nan kuwa kauri ake nema.

Abin da aka fi amfani da shi wajen cin maiƙon shi ne tsohon fitsari, da wata irin laka. A Rum sana'ar ta yi ƙarfin da sarki Vespasian ya sa wa fitsarin haraji. A tsakiyar zamanin Turai aka ƙirƙiro injin da ruwan kogi ke juyawa, mai ɗaga manyan taɓare na itace yana sakinsu a kan yadin. Sunayen iyali na Ingilishi irin su Fuller da Walker da Tucker duk daga wannan sana'a suka fito, kamar yadda sunayen unguwanni irin su Marina da Dukawa ke nuna sana'ar waɗanda suka kafa su. A tsibiran Hebrides na yammacin Sikotlan, mata ne ke yin aikin da hannu har cikin ƙarni na 20. Sukan zauna kewaye da dogon katako suna buga yadin suna miƙa wa juna, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi. Mai nazarin waƙoƙin daɓe da na niƙa zai sami abin kwatance a nan, gama a wurare biyun nauyin aikin ne ke yanka wa waƙar kari.

Kowace ƙasa da sunan da take kiran irin wannan yadi. A Aisilan da Nowe ana ce masa wadmal, a Finlan sarka, a duwatsun Tirol na Ostiriya kuwa loden. A Aisilan, wadda aka fara zama cikinta wajen shekarar 870, yadin ya zama kuɗi, ana auna shi da kamu, ana biyan tara da haraji da bashi da shi, kuma dokokin ƙasar sun ƙayyade faɗinsa da ingancinsa. Ƙa'idar a bayyane take, wanda ya ha'inci saƙa ya ha'inci kuɗin jama'a ke nan. Makiyayi da masunci da mai saran itace duk da wannan yadi suke fita, kuma matar gida ko maƙwabciya ce ta kaɗa zaren. Mai sa wandon ya san hannun da ya yi shi.

5.0 Sa'ad da zaɓi ya koma hannun 'yan kwangila

Zamanin masana'antu ya raba mai sa tufa da mai yin ta. A shekarar 1813 wani mutum mai suna Benjamin Law, a garin Batley na lardin Yorkshire, ya gano hanyar yagalgala tsummokaran ulu a sake kaɗa su tare da ɗan sabon ulu. Ana kiran wannan yadi shodi. A ido yana da kyau, yana kuma da araha, sai dai silinsa gajeru ne, ba su da ƙarfin riƙe juna. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, wasu 'yan kwangila suka ɗinka wa sojojin Arewa kayan sarki da mafi ƙasƙancin irinsa, kayan suka riƙa zagwanyewa a jikin mutane a ruwan farko. Daga wannan abin kunya ne ma'anar kalmar ta faɗaɗa a Ingilishi, ta tashi daga sunan yadi ta zama sifar duk wani aikin algus.

Kafin wannan da 'yan shekaru an ga wani nau'in sakaci a yaƙin Kirimiya. Sojojin Ingila sun sauka can a watan Satumba na 1854 da tufafin da ba a yi su don zaman hunturu ba, bisa zaton za a ci birnin Sebastopol da wuri. Ranar 14 ga Nuwamba guguwa ta farfasa jiragen ruwa a bakin Balaklava, cikinsu har da jirgin Prince, wanda ya nutse da dubban manyan riguna da takalma da sauran kayan sanyin rundunar. Sojoji suka ci hunturu a cikin ramuka masu taɓo, da wandon da ba ya bushewa dare da rana. Cuta da sanyi suka kashe ninkin-ba-ninkin waɗanda harsashi ya kashe. Rahotannin da William Howard Russell ya riƙa aika wa jaridar Times sun tayar da hankalin jama'a, gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi a watan Janairu na 1855. Matan Ingila suka duƙufa saƙa, shi ya sa har yau ake kiran hular nan mai rufe kai da wuya da sunan Balaklava.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan Ingila yana da wandon ulu mai kauri launin kaki, da dogon ƙyallen da ake naɗewa a ƙwauri. Yadin ba shi da laifi, amma babu ulun da zai jure tsayuwa cikin ruwa har gwiwa kwana da kwanaki. Ƙyallen ƙwaurin idan ya jiƙe yakan tsuke ya hana jini gudu. A hunturun 1914 zuwa 1915 sojojin Ingila fiye da 20,000 aka yi wa jinyar ruɓewar ƙafa, wadda ruwa mai sanyi ke kawowa ko da bai daskare ba. Sojojin tsaunukan Sikotlan kuwa, masu ɗaura zanen nan nasu na gado mai ninki-ninki maimakon wando, bakin zanen yakan sha taɓo ya daskare ya riƙa yankar bayan gwiwa, kwarkwata kuma ta sami gida a cikin ninkin. Duk da haka alfaharin gado ya riƙe shi a fagen fama har 1940.

6.0 Darasin teku da na Attu

Masu tafiye-tafiyen binciken ƙarshen duniya sun fi kowa gwada tufafi. A ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa biyu suka shigo kasuwa. Wani malamin jami'a Bajamushe, Gustav Jaeger, ya yi ta wa'azin cewa lafiyar mutum tana cikin sa ulu a kan fata, har aka buɗe kantin sayar da kayansa a Landan a 1884. Yawancin hujjojinsa na likitanci ba su da tushe, amma tufafin suna da kyau. Thomas Burberry kuma ya fito da yadin gabadin a 1879, mai matsattsiyar saƙa, wanda iska ba ta ratsawa amma gumi na iya fita. Haɗin waɗannan biyu, ulu a ciki gabadin a waje, shi ne suturar Scott da Shackleton a nahiyar Antatika, kuma a cikin ɗari ya yi aikinsa.

Sai aka kai shi inda ba don nan aka yi shi ba. Bayan ƙanƙara ta murƙushe jirginsa Endurance, Shackleton da mutum biyar suka tashi daga tsibirin Elephant ranar 24 ga Afrilu 1916, a cikin kwalekwalen da bai wuce mita 7 ba, suka nufi tsibirin Jojiya ta Kudu, tafiyar mil 800 na teku. Gabadin yana tare iska, ba ya tare igiyar ruwa. Tun ranar farko suka jiƙe, ba su sake bushewa ba sai da suka sauka ranar 10 ga Mayu. Jiƙaƙƙen wando mai gishiri ya goge musu cinyoyi har suka yi jini, ƙafafunsu suka kumbura suka yi fari. Jakunkunan barcinsu na fatar barewar arewa suka fara ruɓewa, har aka jefa biyu a teku. Amma su shidan duka sun kai da rai. Masu yabon ulu sukan kafa hujja da wannan tafiya, kuma suna da gaskiya gwargwado, domin da auduga ce a jikinsu da wuya a ce haka za a ƙare. Sai dai adalci ne a ƙara da cewa suna da rumfar tamfol da suke shiga bi da bi, suna kuma shan abinci mai zafi a kan ƙa'ida.

Amurkawa sun koyi nasu darasin a tsibirin Attu, can ƙarshen jerin tsibiran Alushiya na Alaska. Rundunar da aka saukar ranar 11 ga Mayu 1943 domin ta kori sojojin Japan, a hamadar Kaliforniya aka horar da ita, da niyyar aika ta Afirka ta Arewa. Attu kuwa ƙasa ce ta hazo da yayyafi da iska da taɓo. Takalman fatar da aka ba su suka sha ruwa, tufafinsu ba su tare iska ba. A cikin mako uku an kashe 549, an raunata 1,148, sanyi kuma ya kwantar da kimanin 1,200, watau ya fi harsashin abokan gaba yawan waɗanda ya raunata.

Daga irin wannan ne hukumar sojan Amurka ta raba yanayi gida biyu a littattafanta na horo. Akwai busasshen sanyi, inda ma'aunin zafi ke zama ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifiri, ƙasa a daskare, ƙanƙara kamar gari. Akwai kuma jiƙaƙƙen sanyi, inda ake daskarewa da dare a narke da rana. Ɗari da sanyi ke nan, ko da yake ɗarin nasu ya yi wa na hunturun ƙasar Hausa nisa ƙwarai. Kayan sarkin da aka fitar a 1943 sun bi tsarin hawa-hawa, wandon ulu a ciki domin ɗumi, wani wando na matsattsiyar auduga a kansa domin tare iska da yayyafi. Tun 1941 masana uku, Gagge da Burton da Bazett, sun riga sun ƙirƙiro ma'aunin ɗumin tufa da suka kira kulo, wanda ɗaya daga cikinsa yake daidai da kwat da wandon da ma'aikaci ke sawa a ofis. Daga nan aka daina dogara da ji kawai, aka koma awo.

7.0 Gasar 1964 da binciken Pugh

Bayan yaƙi, matasan Turai suka rungumi wandon jins, wanda auduga ce zalla, suka bar wandon ulun iyayensu mai ƙaiƙayi da nauyi. Ranar 14 ga Maris 1964 aka yi gasar tafiyar ƙasa ta 'yan sikawut da ake kira Four Inns, mai tsawon kimanin mil 40, a kan tuddan Derbyshire na Ingila, waɗanda ba su da itatuwa ko mafaka. Mutum wajen 240 suka tashi. Ruwa ya tsuge, iska ta taso, sanyin kuwa bai wuce 'yan digiri kaɗan a saman sifiri ba. Mutum 22 kaɗai suka kai ƙarshe. Samari uku, masu shekara 19 da 21 da 24, suka mutu.

Likitan da ya bi diddigin al'amarin shi ne Griffith Pugh, masanin aikin jiki wanda ya tsara sutura da abinci da iskar shaƙa na ayarin da ya fara hawa ƙololuwar Everest a 1953. Ya ɗauki irin kayan da samarin suka sa, watau rigar iska mai hula, da suwaita ta ulu, da taguwa, da singileti, da wandon jins, ya gwada su a jikin mutum a ɗakin gwaji. Ya tarar cewa idan kayan suka jiƙe, iska na busawa, mutum kuma yana tafiya, ɗumin da suke tsarewa yakan faɗi zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a bushe. Muddin mutum yana da ƙarfin yin sauri, zafin da tsokarsa ke fitarwa yana rufe asarar. Da zarar ya gaji ya rage sauri, sai jiki ya fara hucewa, ƙafafu su yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe, hankali ya gushe. Ƙafafu kuwa, inda manyan tsokokin tafiya suke, su ne aka fi bari a banza, da ƙyalle ɗaya na auduga.

Abin lura a nan shi ne suwaitar da ke cikin kayan ta ulu ce, ba ta kuma hana faɗuwar ba. Saboda haka binciken bai wanke karin maganar nan ta Turawa ba. Abin da ya nuna shi ne ulu ya fi auduga jinkirin ba da kai, amma idan ruwa ya cika shi har ya kori iska, shi ma ya zama kaya, mai nauyi, mai wuyar bushewa. Shawarar Pugh ita ce a sa abin da ruwa ba ya ratsawa a kan komai, har da ƙafafu, wanda ya gaji kuma ya nemi mafaka maimakon ya dage sai ya kai.

8.0 Zamanin roba

Masana'antu sun amsa wannan kira da kayan da ake samu daga man fetur. Bob Gore ya gano a 1969 yadda ake miƙar da wata irin roba ta zama fallen da ɗigon ruwa ba ya shiga amma tururin gumi na fita, aka fara sayar da yadin Gore-Tex a 1976. Kamfanin Malden Mills na jihar Massachusetts ya fito da yadi mai laushi na foliyesta wajen 1981, mara nauyi, mai saurin bushewa. Masu hawan duwatsu suka koma can gaba ɗaya. Kasuwar ulu ta yi rauni, kuma da tsarin tallafin farashi na Ostareliya ya rushe a 1991, an bar ƙasar da tarin dila fiye da miliyan 4 da ba a sayar ba, wanda sai da aka shekara goma ana rage shi.

Wandon ulu mai kauri bai ɓace ba, ya dai koma hannun waɗanda aikinsu ya bambanta da na mai hawan dutse. Maharbi a dazuzzukan Kanada ko Finlan yakan yi tafiya kaɗan ya zauna da yawa, yana bukatar yadin da ba ya ƙara idan reshe ya goge shi. Mai saran itace yana zama kusa da wuta, tartsatsi kuwa yakan huda roba nan take ya narkar da ita a kan fata, amma a kan ulu sai ya ɗan babbake ya mutu. Kamfanoni irin su Johnson Woolen Mills na jihar Vermont, wanda ya samo asali tun 1842, da Filson na birnin Seattle, wanda aka kafa a 1897 domin masu zuwa neman zinariya a Klondike, a kan irin waɗannan mutane suka gina sunansu. Tsofaffin wandunan sojan Suwidin da na Jamus ma sun sami kasuwa a wurinsu. Daga tsakiyar shekarun 1990 kuma ulun tumakin Merino, wanda silinsa ya yi laushin da ba ya ƙaiƙayi, ya dawo a matsayin tufar ciki. Silin da kaurinsa ya wuce kimanin maikiron 30 shi ne ke sukar fata, na Merino kuwa bai kai nan ba.

Abubuwan da irin waɗannan mutane ke dubawa wajen zaɓe ba su canja sosai ba daga na makiyayin Tirol. Sukan ɗaga yadin su duba ta hasken rana, idan haske ya ratsa to iska ma za ta ratsa. Sukan nemi wanda aka tattake sosai, mai nauyi, an yanka shi da yalwa domin a iya sa siririn wandon Merino a ciki ba tare da an matse cinya ba, da maratayi a kafaɗa maimakon ɗamara, saboda jiƙaƙƙen ulu yana jan kansa ƙasa. Wasu sukan yarda da ɗan gaurayen nailan domin gwiwa da mazauni su daɗe. Ba a wanke shi da ruwan zafi, gama aikin tattaka zai ci gaba a cikin bahon wanki har wandon ya koma na yaro, kuma da bazara sai an ɓoye shi daga asu. Idan ruwan na yini ne, akan ɗora wandon roba a kai, kamar yadda Pugh ya ce. Akan kuma karanta 'yar takardar da ke ɗinke a ƙugu. A Amurka, dokar lakabin kayan ulu ta 1939 ta wajabta wa mai yin tufa ya rubuta kashi nawa ne ulu a cikinta, ya kuma bayyana idan ulun tsoho ne aka sake kaɗawa, shekara 78 bayan kayan sojojin 1861 sun zagwanye a cikin ruwa.